Hannun da ke Jikin Taga

Sannu-Sannu ake ce masa a layin masu kayan gini, kuma shi ya jawo wa kansa. Ko buhun siminti ya ga ana saukewa daga mota, sai ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Sannu-sannu dai, jama'a." Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya kan ce da mutumin nan ne direban motar kashe gobara, da garin ya daɗe da zama toka. Shi kuwa ko a jikinsa. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana rungumar gilashi a ƙirji, ba a koya masa gaggawa da tsufa.

Shagon ɗan ƙarami ne, mai ƙofa ɗaya. Gilasai na jingine a bango tun daga baki har ƙurya, manya a baya, ƙanana a gaba, da tsohuwar jarida a tsakaninsu. A tsakiya akwai tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa wani bargo da ya girmi rabin masu shago a layin. A nan yake kwantar da gilashi, ya ɗora doguwar rular katako, ya tsoma bakin mayankinsa a ɗan kananzir da ke cikin murfin kwalba, ya ja layi. Ja ɗaya tak yake yi. Ya kan ce mai maimaita layi bai yarda da hannunsa ba, kuma gilashi yana ganewa. Daga nan sai ya sa manyan yatsunsa a gefe da gefen layin, ya ɗan lanƙwasa, ka ji ƙas, abu ya rabu biyu kamar da ma can haka aka yi shi. Yatsun nan duk tabo ne, wani kan wani.

A hannun wani tsoho ya koyi sana'ar, tun gashin bakinsa bai fito ba. Wata rana aka ba su aikin canza tagogin tsohon ofishin tashar jirgin ƙasa, ginin da ya girmi kakan kowa a garin. Tsohon ya ciro wani gilashi daga firam ya miƙa masa.

"Taɓa sama," in ji tsohon. Ya taɓa.

"Taɓa ƙasa."

Ya taɓa, ya ji ƙasan ya fi kauri.

"To ka gani da hannunka. Gilashi ba dutse ba ne, yaro. Ruwa ne mai nauyin jiki. Yana tsiyaya kamar zuma, sai dai tafiyarsa ido ba ya gani. Ka bar shi tsaye shekara da shekaru, duk sai ya taru a gindi."

Maganar nan ta shiga Sannu-Sannu har ɓargo. Daga baya ma ya samo wa kansa ƙarin hujja. Kowane mai yanka ya san cewa in ka ja layi ka bar shi ya kwana biyu ba ka karya ba, ba zai karye maka yadda kake so ba, su a sana'a sai su ce layin ya huce. To me ya cike shi, in ba gilashin ne ya motsa ba? Tun daga nan babu wanda ya tsira. Mutum zai zo neman ɗan gilashin da zai sa a hoton ɗansa, bai fi tafin hannu ba, amma ba zai fita ba sai ya ji labarin tashar jirgi tun daga tushe.

Matar da ya aura 'yar tela ce, kuma haka kowa ke kiranta, har shi. Yadda yake sanyi-sanyi, haka take rawar kai da dariya, har mutane na mamakin inda suka haɗu. A shekarar farko ta aurensu, wata rana ta kawo masa abincin rana shago ta tarar ya fita auna taga. A kan tebur ga wani gilashi sabo fil, an goge shi tas, na wani mai kantin magani ne. Zaman jira ya ishe ta. Sai ta ɗora hannunta na hagu a kai, wuyan hannun daidai bakin gilashin, ta ɗauki mayankin da aka hana kowa taɓawa, ta zagaye yatsunta da shi. Yatsu biyar suka fito, ƙaramin ya ɗan karkace don mayankin ya zame mata a wurin.

Da ya dawo ya gani, sai da ya dafa bango.

"Ke! Me kika yi haka?"

"Hannu na sa maka a sana'a. Ba kai ne kullum kake cewa ba na taya ka komai ba?"

"Gilashin mutane ne fa, 'Yar Tela!"

"To yanzu ya zama namu. Ci abincinka kafin ya huce."

Ya yi fushi har yamma, irin fushinsa da ba ya wuce kumbura baki, ita kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya. Gilashin da aka zana wa layi ba ya sayuwa, kuma jefar da shi asara ce. Sai ya kai wa amininsa Kafinta, wanda tun suna samari shi ke yi masa firam, ya ce a gyara tagar ɗakinsu ta ɗauke shi. Aka sa shi. Da safe in rana ta bugi tagar, sai hannun ya fito fari-fari, har inuwarsa ta ɗan kwanta a bangon da ke kan gado.

Zaman nasu bai yi tsawo ba. 'Yarsu ta fari, wadda ita ce ta ƙarshe, ba ta daɗe da fara tafiya ba zazzaɓi ya kwantar da 'Yar Tela. Aka kai ta asibiti, ana cewa gobe za a sallamo ta, sai ga shi an sallamo ta ɗin amma ba da ƙafarta ba. Hotonta guda ɗaya ne a duniya, yana cikin akwati a ƙarƙashin gado. Da damina rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin, fuskarta ta bi takardar ta narke. Ranar da ya buɗe ya gani, Sannu-Sannu ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Da ya ɗago kansa, taga ya gani, da hannun nan a jikinta. Shi ke nan abin da ya rage masa nata wanda ido zai iya kallo.

A nan tsoro ya kama shi. Gilashi ruwa ne mai nauyin jiki, ai da hannunsa ya taɓa. In ya bar shi tsaye haka, yau da gobe yatsun za su miƙe, su zube, layin ya cike, wata rana ya tashi ya tarar da taga fayau babu kowa a ciki. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sai dabara ta zo masa. Abin da ya sauka bana, in aka kifa shi, ai baɗi zai koma inda ya fito. Saboda haka duk shekara, in hadari ya fara haɗuwa, sai ya ciro gilashin ya juya shi, sama ya koma ƙasa.

Aiki ne na mutum biyu, don shi ma ya san haɗarin. Gilashin da ke da layi har bakinsa jira yake kawai a lanƙwasa shi. Kafinta kan zo da faifan katako mai laushi. Su kankare tsohon danƙon da ya riƙe gilashin, su zare ƙananan ƙusoshi, su manna faifan a bayansa, sannan hannu huɗu su ɗago shi tare, su juya, su mayar. Kafinta ba ya yin aikin nan da bakinsa a rufe.

"Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ke juya wa taga kwanciya ba sai kai. Ko majinyaci ne?"

"Riƙe da kyau, sarkin surutu. Sannu-sannu."

"Ina riƙe. Allah ya jiƙanki, 'Yar Tela, kin tafi kin bar mu da aikin shekara."

Maƙwabta ma suka saba. In yatsun na kallon sama, sai su ce bana uwar gida tana gaishe mu. In suna kallon ƙasa, sai su ce bana tana laluben aljihun maigida. Dangi sun yi ta fama da shi ya sake aure, kullum amsarsa ɗaya ce, a bi sannu-sannu, har suka gaji suka bar shi. Yayarsa ce ta taya shi renon yarinyar.

Yarinyar kuwa, Uwata yake ce mata. Ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, hannunta ta sani. Labarin tashar jirgi ya zame mata tatsuniyar barci, kuma tun tana ƙarama take damun sa da tambayar da ba shi da amsarta: to shekara nawa zai yi kafin ya gama tsiyayewa? Tambayar nan ce ta ja ta, daga wannan makaranta zuwa waccan, har jami'a, inda ta karanta fiziks. Daga baya ta samu aiki a wani ɗakin bincike a babban birni. A can, kamar yadda ta gaya masa, suna rataya siririn zaren gilashi a cikin tanda mai zafi, su ɗaura masa nauyi, su zauna suna auna yadda yake miƙewa. Sannu-Sannu ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Labarinsa ya ƙara tsawo, masu sayen gilashi suka ƙara shan wahala. "Ni yanka shi nake yi," ya kan ce, "ita kuwa Uwata sauraron sa take yi."

Abin da bai lura da shi ba, duk sanda ya ɗauko labarin a gabanta, sai ta sunkuyar da kai ta kama gyaran ɗankwalinta.

Tsufa ya zo masa ta hannu. Da fari ɗan rawa ne kaɗan in ya ɗauki kofin shayi, daga baya har rula na motsi a ƙarƙashin yatsunsa. A juyin da suka yi na ƙarshe, gilashin ya ɗan suɓuce masa, bakinsa ya taɓi firam. Bai fashe ba. Amma da suka mayar da shi, Kafinta ya hango wata 'yar tsaga daidai inda layin wuyan hannun ya haɗu da bakin gilashin, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Bai nuna wa amininsa ba. Ya bari sai da shekara ta kusa zagayowa, sannan ya buga wa Uwata waya.

Ta zo da hantsi, ta share ɗakin, ta dafa masa shayi, ta daɗe tsaye gaban tagar. A lokacin yatsun ƙasa suke kallo. Sannan ta zauna a bakin gado kusa da shi.

"Baba, zan faɗi wata magana, ka yi haƙuri da ni. Bana kada ka juya gilashin nan. Ba bana kaɗai ba, kada a sake juya shi."

Ya dube ta. "In bar ta ta zube?"

"Ba za ta zube ba, Baba. Gilashi mai sanyi ba ya tsiyaya."

Ya yi 'yar dariya, yana jiran ta ƙarasa wasan. Ba ta yi dariya ba.

"Ka san yadda bakin kasuwa ke cushewa, kowa na son wucewa amma babu mai iya ɗaga ƙafa? Haka ƙwayoyin da ke cikin gilashi suke. Ba a jere suke kamar bulo a gini ba, a hargitse suke kamar na ruwa. Nan maigidanka da ya koya maka sana'a ya yi gaskiya. Amma sun cushe. In aka ba shi wuta sosai, sai su sami ɗan sarari, wannan ya zame, wancan ya bi, gilashi ya yi laushi, ya lanƙwashe, har ya tsiyaya. Shi ne abin da muke aunawa a wurin aiki. In ya huce kuwa, kowa ya maƙale inda yake. A zafin ɗakin nan, ko duniya ta tsufa ta sake tsufa, ba zai sauka da kaurin gashi ɗaya ba."

"To na tashar jirgi fa? Da hannuna na taɓa, Uwata. Ba labari aka ba ni ba."

"Masu yin gilashi na da ba sa iya fitar da shi da kauri ɗaya, wani gefen kan fi wani. Mai sawa kuma in yana da hankali, sai ya sa gefe mai nauyi a ƙasa. Kai ma haka za ka yi. An duba tsofaffin gine-gine da yawa, an sami wasu kaurin yana sama, wasu a gefe."

"Layin da ke hucewa fa?"

"Danshin iska ne ke dakushe gindin layin, ba cikewa yake yi ba." Ta kama hannunsa mai rawa ta riƙe. "Baba, gilashi in ya yi sanyi abu biyu kawai ya iya. Ko ya ɗan lanƙwashe ya koma daidai, ko ya fashe. Duk sanda kuka ɗaga shi sai ya ɗan lanƙwashe, tsagar da Baba Kafinta ya hango a wuyan hannun kuma ta ƙara tsawo. Tsayuwa ba ta cin sa. Juyawar ce ke cin sa."

Ya zare hannunsa daga nata.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun ina jami'a."

"Kina zaune kina kallona ina juyawa. Ina tara mutane ina ba su labari, har ina sa sunanki a ciki."

"Na kasa faɗa maka, Baba. Na ga ranar nan ce kawai a shekara kake kwana da fara'a."

Ta fashe da kuka. Shi bai yi kuka ba, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai san inda zai ajiye shi ba. Ba ƙaryata maigidansa ne ya fi ƙona masa rai ba. Duk shekarun nan yana ganin akwai wata hidima guda da yake yi wa 'Yar Tela, wadda ba don shi ba da ta ɓace. Yanzu an ce masa ba ta taɓa bukata ba.

Can ya nisa ya ce, "To bari a yi na ƙarshe. Kin ga yanzu a kife take. In za a bar ta, a bar ta tana kallon sama."

"Tsagar ba za ta ɗauki ko ɗaya ba, Baba. Don Allah."

"Na ji," in ji shi. Bai ce ya yarda ba.

Ta san ubanta, hali zanen dutse. Kafin ta koma sai da ta biya wurin Kafinta, ta sa ya yi mata alkawari cewa ko da kuka aka zo masa ba zai kama gilashin nan ba. A ganinta, in babu hannu na uku da na huɗu, magana ta ƙare.

Hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, ba a juya ba. Sannu-Sannu ya daina ba da labarin tashar jirgi. Masu sayayya suka riƙa shiga suna fita cikin minti kaɗan, wasu har suna tambayar mai walda ko tsohon ba shi da lafiya ne. Kullum da safe kafin ya fita, sai ya tsaya gaban tagar ya duba. Yana so ya yarda da 'yarsa, Allah ya sani yana so. Amma wata safiya sai ya ga kamar ƙaramin yatsan nan mai karkata ya dushe. Ya goge gilashin ta baya da tsumma mai laushi, ya sake dubawa, yana nan a dushe. Bayan 'yan makonni babban yatsa ma ya fara shiga hazo. Inuwar da ke kwanciya a bango kuwa ya neme ta ya rasa.

Bai kawo a ransa cewa lambobin rularsa ma haka suka dushe masa a 'yan watannin nan ba. Wannan ya riga ya ɗora laifinsa a kan tsufan rula. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, a hankali, irin tafiyar da shi kansa mai idon ba ya gani.

Ya tafi wurin Kafinta, ya same shi yana goge ƙofa.

"Tana tafiya. Ka zo mu juya."

"Wa ke tafiya?"

"Kada ka mai da ni yaro. Yatsu biyu sun kusa ɓacewa."

"Shekaranjiya na wuce ta gidanka, hannun nan yana nan ras. Har na gaishe ta."

"Kai da ko ƙusa sai ka laluba, kai ne za ka gaya mini ras?"

Kafinta ya ajiye abin gugarsa. "Aboki, na yi wa yarinyar nan alkawari. Kuma ni na ga tsagar da idona. Ka je asibiti a duba maka ido, ka bar taga ta huta."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ita da ma'auni take aunawa, ni da ita nake kwana."

"Ko ka zage ni ba zan zo ba."

Bai zage shi ba. Ya dai ce, "Na gode," irin godiyar da ta fi zagi zafi, ya juya. A bakin ƙofa ya ɗauki wani faifan katako da ke jingine, Kafinta bai gani ba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya jira rana ta ɗaga sosai don ya sami haske. Ya shimfiɗa bargo a ƙasa ƙarƙashin tagar, ya kankare danƙon a hankali, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar nan ba. Ya manna faifan, ya jawo gilashin ya kwantar a ƙirjinsa, ya fara juyawa. Har ya kai rabi, yatsun sun kwanta a gicciye. A nan ne ake bukatar wani ya tallafi ɗaya gefen kafin ka sauya hannu. Ya saki na dama don ya kamo ƙasa, na hagu ya yi rawarsa, faifan ya ɗan zame.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas ne kawai, irin wanda ya ji sau babu adadi a kan teburinsa. Tsagar ta tashi daga wuyan hannu, ta bi layin babban yatsa kamar an yi mata jagora, ta ratsa tafin ta fita ta ɗaya gefen. Rabi ya rage a hannunsa, rabi ya faɗi ya wuce bakin bargon, ya sami siminti.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa ya ajiye na hannunsa, ya fara laluben gutsattsarin. Ya ɗauko wani mai ɗauke da kan yatsu biyu, ya kai shi dab da idonsa, hazo kawai ya gani. Sai ya sa farcensa ya bi kan layin. Farcen ya maƙale a ciki. Layin yana nan da zurfinsa da kaifinsa, har ɗan wurin da mayankin ya zame mata, kamar jiya ta ja shi. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin, ya ga ita ma a hazo take. Ya dubi tafin hannunsa, shi ma haka.

A haka Kafinta ya same shi da azahar, da ya ga shago a rufe ya biyo sawu. Ya samo kwali ya toshe tagar don kada ruwa ya shigo, ya ɗaure masa yatsan da ya yanke, ya fita waje ya buga waya.

Uwata ta iso washegari. Ta tarar da shi zaune a bakin gado, ɗakin ya yi duhu saboda kwalin, gutsattsarin na jere a kan tire, ya haɗa su gwargwadon yadda hannu ya iya ganewa. Ita ma hannun nan shi ne uwarta, ba ta da wata. Ta durƙusa gaban tiren, ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta fasa.

"Ni ce, Baba. Da ban hana Baba Kafinta ba, da hannu huɗu ne."

"A'a. Ke kin faɗi abin da kika sani. Tashi ki zauna."

Ta zauna kusa da shi. Ta ce akwai wani irin gam da ake haɗa gilashi da shi, za ta nemo. Ya girgiza kai. Shi da ya yi shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa gilashin da ya rabu ya rabu, ba shi za a lallasa da gam ba. Ta ce to gobe za ta kai shi asibiti a cire masa yanar idon, aiki ne mai sauƙi, zai koma gani tangaram.

"In ga me?" ya ce. Sai kuma ya ji nauyin maganar, ya dafa kafaɗarta. "Za mu je. Za mu je, Uwata."

A waje an fara yayyafi, yana buga kwalin.

"Ina so in tambaye ki abu ɗaya, kuma kada ki tausaya mini. Kin riga kin tausaya mini shekaru, kin ga inda ya kai mu."

"To, Baba."

"Da tun farko na bar ta inda take, ban taɓa juyawa ba ko sau ɗaya. Da yanzu tana nan?"

Ya san Uwata tana neman wata hanya da za ta bi ta gefen maganar. Ya ƙara matse kafaɗarta.

"Da tana nan, Baba," ta ce. "Har jikokin jikokina su gan ta."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya jawo tiren ya ɗora a cinyarsa, ya ce ta miƙo masa tsumman nan mai laushi da ke rataye a jikin ƙofa.